Nazarin ilimin masu buƙata ta musamman a arewacin Kamaru da Chadi

Ilimin masu buƙata ta musamman fanni ne na koyarwa da ake horar da malami yadda zai karantar da yaron da ajin yau da kullum bai wadatar da shi ba: makaho, kurma, gurgu, zabiya mai raunin gani, da mai jinkirin fahimta. A jami'a ana nazarinsa ne ƙarƙashin tsangayar ilimi, kusa da sashen nazarin halayyar ɗan Adam. A Kamaru da Chadi ana bin tsarin digiri mai hawa uku: lisans (digirin farko) shekara 3 bayan bak (jarrabawar kammala sakandare), masta shekara 2, sai dokta shekara 3.

Sunan fannin ma akwai saɓani a kansa. Wasu suna ganin "naƙasassu" kalma ce mai ƙasƙantarwa, wasu masu lalurar kuwa sun ce ita ce ta faɗi gaskiya ba kwana-kwana.

Kafin zuwan boko

Hausawan da suka zauna a Garwa, Marwa, Ngaundere da Injamena sun zo da tsarinsu na kula da masu lalura, kuma ba a jami'a aka ƙirƙiro shi ba. A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, haka guragu da kutare. Sarkin makafi shi ke sasanta rigima tsakanin jama'arsa, ya karɓi baƙon makaho, ya kuma tsaya musu a gaban sarkin gari. Ta fuskar karatu kuwa, makarantar allo ba ta taɓa rufe wa makaho ƙofa ba. Ba ya wanke allo, ba ya riƙe alƙalami, amma yana zama kusa da alaramma, a biya masa aya ya maimaita har ta zauna, kuma da yawa ta haka suka haddace izu sittin. Malamai sukan kafa hujja da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, sahabin nan makaho wanda aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, wanda kuma ya yi ladanci a Madina.

Kurma ne tsarin bai yi wa adalci ba. Karatun allo na kunne ne da baki, saboda haka yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta toshe wa kunne yakan ƙare a sana'ar hannu, ba tare da ya san baƙi ko wasali ba. Duk da haka kurame ba su zauna babu harshe ba. Suna da maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, kuma a kasuwannin Hausawa ba a rasa mai ji da ya iya yin ciniki da ita.

Asalin fannin a Turai

Tushen karatun da ake yi a jami'a yau yana Faransa, kuma da Faransanci ya shigo waɗannan ƙasashe biyu. Wajen shekarar 1760 wani limamin kirista, Charles-Michel de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame a Paris yana koyarwa da alamun hannu. A tsakiyar shekarun 1780 Valentin Haüy ya buɗe ta makafi a birnin. A wannan makaranta ce Louis Braille, wanda aka haifa a 1809 ya kuma makance yana ƙaramin yaro bayan ya ji ciwo a ido a shagon dukancin mahaifinsa, ya tsara rubutun ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa. Ya wallafa shi a 1829. Ya rasu a 1852, kafin hukumar ƙasarsa ta amince da rubutun.

Kurame sun sha wuya bayan haka. A 1880 wani taron malamai a Milan ta ƙasar Italiya ya yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da furta sauti. Hukuncin ya yi tasiri kusan shekara ɗari, kuma kurame da dama suna ɗaukarsa a matsayin babban zalunci da aka yi musu da sunan taimako.

Andrew Foster da makarantun kurame

Mutumin da ya fi kowa tasiri a ilimin kurame na wannan yanki baƙar fata ne ɗan Amurka, Andrew Foster. An haife shi a 1925 a jihar Alabama. Sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11, cutar da duk uwar da ta yi bazara a Marwa ko Injamena ta san sunanta. A 1954 ya kammala digiri a Gallaudet, kwalejin kurame da ke Washington, a 1957 kuma ya buɗe makarantarsa ta farko a Accra ta Gana. Daga nan ya bi ƙasa-ƙasa. An ƙiyasta cewa ya kafa makarantu kimanin 30 a ƙasashe 13, ciki har da Kamaru da Chadi, inda aikin ya kai a shekarun 1970. A Ibadan yake tara matasan kurame daga ƙasashen renon Faransa ya horar da su, su koma gida su zama malamai. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987.

Wannan tarihi ne ya haifar da wani abu da yake ba sabon ɗalibi mamaki: yaren hannun da ake koyarwa a makarantu da yawa na yankin tushensa na Amurka ne, amma kalmomin da ake rubutawa da waɗanda ake motsa leɓe da su na Faransanci ne. Ya kuma bambanta da maganar hannun da yaro ya taso da ita a gida.

Jami'o'i da dokoki

Jami'ar Injamena ta fara a 1971, ta Ngaundere a 1993, ta Marwa a 2008 tare da babbar makarantar horar da malamai, ta Garwa kuma a 2022. Sassan da suka fi suna a wannan fanni dai a kudu suke: sashen ilimi na musamman a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, da shirin Jami'ar Buea wanda ake yi da Ingilishi. Don haka ɗan arewa yakan hau jirgin ƙasa daga Ngaundere ya kwana a hanya zuwa Yawunde. Wasu kuma sukan tsallaka Nijeriya, zuwa Jami'ar Jos, Jami'ar Bayero ta Kano, ko kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo.

Kamaru ta yi dokar kare masu lalura a 1983, ta sabunta ta ranar 13 ga Afrilu 2010, inda aka tanadi sassaucin kuɗin makaranta da na ƙa'idar shekarun shiga. Chadi ta yi tata a 2007.

Abin da ake koyo

Shekarar farko takan tafi ne a kan girman yaro, yadda ido da kunne da ƙwaƙwalwa suke aiki, da cututtukan da ke jawo lalura. A nan yankin ba sai an je nesa neman misali ba: sanƙarau, ƙyanda, shan inna, amosanin ido, da makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa a kwarin kogin Vina na Kamaru da kudancin Chadi.

Sai aikin hannu, wanda shi ne ke bambanta wanda ya iya da wanda ya haddace takarda kawai. Gidan harafi a rubutun makafi ɗigo 6 ne, uku a hagu uku a dama, kuma daga cikinsu ake fitar da alama 63. Ɗigo ɗaya a sama ta hagu shi ne "a", a ƙara na ƙarƙashinsa ya zama "b". Ɗalibi yakan sa takarda mai kauri cikin allon ƙarfe ko na roba, ya riƙa huda ta da ɗan tsinke mai kama da basilla. Da yake ta baya ake hudawa, daga dama zuwa hagu yake rubutu, kowane harafi a juye, sai an kifa takardar sannan a karanta daga hagu. Makon farko kusan kowa yakan rikita "e" da "i", don ɗaya juyin ɗaya ne. Akwai tsarin Larabci na wannan rubutu, har da Alƙur'ani cikakke, kuma shi ma daga hagu ake shafa shi. Wannan yana da muhimmanci a Chadi, inda Larabci yake harshen hukuma tare da Faransanci. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma suna da alamominsu.

Ana kuma koyon yi wa makaho jagora: shi ne zai kama malami a saman gwiwar hannu, malami ya riga shi da rabin taku, ba a ja shi da sanda kamar yadda aka saba gani a titi ba. Yaro zabiya kuwa a zaunar da shi gaba, nesa da hasken taga, a rubuta masa da manyan baƙaƙe.

A shekarar ƙarshe ana tura ɗalibi makaranta ya gwada koyarwa. A nan yake haɗuwa da matsalar harshe ido da ido. Yaro yana jin Hausa a gida, Fillanci ko Larabcin Chadi a kasuwa, Faransanci a aji. Malamin da bai lura ba sai ya rubuta cewa yaron yana da jinkirin fahimta, alhali harshen ne bai kama ba, ko kuwa kunne ɗaya ne ya mutu ba wanda ya duba. Kuskure irin wannan yakan bi yaro har girmansa.

Makaranta ɗaya ko daban

Sanarwar Salamanca ta 1994, wadda gwamnatoci 92 suka amince da ita a Sifen, ta nemi a karantar da dukkan yara a aji ɗaya, haka ma sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu lalura. Masu goyon baya sun ce ware yaro yana ƙara masa tsangwama. Ƙungiyoyin kurame da dama sun ce kurma ɗaya a aji mai cunkoso, ba mai fassara, a ware yake ko da yana tsakiyar jama'a.

Aiki

Masu digirin sukan koyar a makarantun gwamnati da na mishan, ko su yi aiki da ma'aikatar jin daɗin jama'a da ƙungiyoyin agaji. Wasu kuma suna fassara da hannu a asibiti da kotu, ko su juya takardun jarrabawa zuwa rubutun makafi.