Shin afil yana tsayar da hukuncin kotu? Amsa ga saƙon muryar da ke yawo a Kaduna

Tun ranar Laraba wani saƙon murya yake zagaya WhatsApp, daga rukunin masallacin unguwarmu a Tudun Wada har na 'yan Kasuwar Barci. Mai maganar yana rantsuwa cewa ma'aikatan kotu sun taka doka da suka fitar da kayan wani dattijo daga gida alhali ya ɗaukaka ƙara. A cewarsa, da zarar mutum ya yi afil hukunci ya suma ke nan, sai kotun sama ta yi magana. Ya rufe da kiran matasan layi su tare hanya duk ranar da aka sake ganin motar kotu. Wannan kiran ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin zai iya kai yaran mutane gidan yari a kan fahimtar da ba ta da tushe.

Dattijon abokin mahaifina ne. Da na je yi masa jaje ya ce, "Barista, ɗana, ai mun shigar da takarda, ga rasit ɗin ma." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, takarda nawa kuka shigar?" Ya ce ɗaya. Sun rabu da lauyansa a kan kuɗin aiki bayan an yanke hukunci, kuma ba wanda ya gaya masa cewa akwai ta biyu.

Ga abin da doka ta ce. Sashe na 17 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya faɗa ƙarara cewa ɗaukaka ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba, wato rikicin gida, fili, bashi ko ciniki, ba ta dakatar da zartar da hukunci. Hukuncin kotu yana nan daram, ana ɗaukarsa daidai ne har ranar da wata kotu ta sama ta rushe shi. Wanda ya ci shari'a yana da damar karɓar abin da aka ba shi. Idan kana so a dakata, sai ka shigar da roƙo na daban, da takardar rantsuwa, kana neman kotu ta tsayar da zartarwa har a ji afil ɗinka. Ana fara kai wannan roƙo gaban kotun da ta yanke hukuncin. In ta ƙi, sai a haura sama da shi.

Na san inda ruɗanin ya samo asali, kuma ban ga laifin jama'a ba. Kowa ya ga abin da ya faru a Kano. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Gwamna Abba Kabir Yusuf a watan Satumba na 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hakan a watan Nuwamba, amma bai bar kujera ko na yini ɗaya ba, har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da nasararsa ranar 12 ga Janairu, 2024. Sai mutane suka ɗauka haka afil yake ga kowa. Abin da ya riƙe shi a kujera tanadi ne na musamman a sashe na 138 na Dokar Zaɓe ta 2022, wanda ya ce wanda aka soke zaɓensa zai ci gaba da zama a ofis muddin ya ɗaukaka ƙara cikin lokaci. An yi shi ne don kada jiha ta riƙa sauya gwamna duk bayan wata biyu. Bai shafi mai rikicin shago ko gidan gado ba.

Wuri na biyu da afil yake ɗaure hannu shi ne hukuncin kisa. A jihar Oyo an taɓa kashe wani fursuna mai suna Nasiru Bello alhali afil ɗinsa yana gaban kotu, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin jihar ta yi abin da doka ba ta yarda da shi ba. Rai ba ya dawowa, shi ya sa. Amma wanda aka ɗaure shekara biyar, a gidan yari zai jira afil ɗinsa. Beli bayan an yanke hukunci ba kamar belin farko ba ne, domin yanzu doka tana kallonsa a matsayin mai laifi. Sai da dalili mai ƙarfi, kamar ciwo mai tsanani da ba za a iya kula da shi a tsare ba, ko kuma ya kasance zai gama wa'adinsa kafin a ji afil ɗin.

To, wanda ya shigar da roƙon dakatarwa fa, shi ke nan ya tsira? Ba lallai ba. Tun shari'ar Vaswani da Savalakh a 1972 Kotun Ƙoli ta kafa ma'aunin da ake bi har yau: ba a hana wanda ya yi nasara cin gajiyar nasararsa sai da dalili na musamman. Babban abin da alƙali yake dubawa shi ne, in aka zartar yau, gobe kuma mai afil ya ci, za a iya mayar da abu yadda yake? In gida ne da ake shirin rushewa, ko fili da za a yanka a sayar wa mutum goma, to ga dalili, domin nasarar afil za ta zama ihu bayan hari. In kuɗi ne, kotu takan ce to, an dakatar, amma ka zuba kuɗin a asusun banki mai kawo riba da sunan magatakardan kotu, wanda ya ci a ƙarshe ya ɗauka. Ita dai shari'ar Vaswani ɗin ta nuna cewa idan wanda ya yi nasara ya san roƙon dakatarwa yana gaban kotu, bai kamata ya yi gaggawar zartarwa don ya sha gaban alƙali ba, kuma kotu tana iya warware abin da aka yi a irin wannan hali. Da Baba ya shigar da takarda ta biyun nan, da yana da abin riƙewa a hannu ranar da motar ta zo.

A nan ne nake ganin dokar tana da kaifi ta gefe ɗaya. A ƙa'ida ba ta da aibi. Duk wanda ya taɓa bin bashi ya san mutumin da zai yi afil ba don yana da hujja ba, sai don ya ja lokaci har mai haƙƙi ya gaji ko ya mutu. Matar da ta yi shekaru tana neman gadon marayunta, in aka ce kalmar afil kaɗai ta isa ta hana ta karɓa, an cuce ta. Amma sharaɗin nan na zuba kuɗi a asusun kotu, attajiri ne yake iya cika shi kafin la'asar. Kotuna kuma sun sha cewa talauci shi kaɗai ba dalilin dakatarwa ba ne, sai in mutum ya nuna cewa biyan kuɗin zai hana shi iya bin afil ɗin gaba ɗaya. Mai ƙaramin ƙarfi da bai san ma akwai wannan ƙofa ba, ta ina zai ƙwanƙwasa ta?

Sai batun tare hanya da mai saƙon yake zuga matasa su yi. Hana ma'aikacin gwamnati gudanar da aikinsa laifi ne a dokar laifuffuka ta jihar Kaduna, kuma wanda ya kai hannu jikin ma'aikacin kotu ko ɗan sandan da ya rako shi ya ƙara wa kansa wata tuhumar. Shi kuma wanda hukunci ya hau kansa, in ya ɓalle kwaɗon da aka sa ya koma gidan, ya raina kotu ke nan. Sashe na 72 na dokar da ta tsara yadda ake zartar da hukunce-hukuncen kotu ya ba alƙali ikon tsare mai bijire wa umarni har sai ya bi. Ku lura da wannan: ba wata uku aka ce ba, ba shekara ba, har sai ya bi. Akan fara aika masa takardar gargaɗi, fom na 48, sannan fom na 49 da ke kiransa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a tsare shi. Banda haka, wanda yake cikin bijire wa kotu yana wahalar da kansa in ya dawo yana roƙon alfarma a gabanta. Wannan bai tsaya kan talaka ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin soja ta jihar Legas kaca-kaca saboda ta yi amfani da ƙarfi wajen fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan cin mutane, shi ne na lokaci. Faɗa wa alƙali da baki cewa ba ka yarda ba ba afil ba ne a Babbar Kotu. Sai an rubuta sanarwa da dalilai an shigar a rajistar kotun da ta yi hukuncin. Daga Babbar Kotun Jiha zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, sashe na 24 ya ba da wata uku ga hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a shari'ar laifi, kwana 14 kacal ga hukuncin da aka yanke a tsakiyar shari'a. Daga can zuwa Kotun Ƙoli, mai shari'ar laifi kwana 30 gare shi. A kotun majistare da kotunan Shari'a galibi za ka ji alƙali ya ce kwana 30. Lissafi yana farawa daga ranar da aka karanta hukunci, ba ranar da aka ba ka kwafi ba, kuma ba ya tsayawa don dangi suna zaman sulhu a zauren mai unguwa. Wanda ya makara yana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai ya kawo dalili mai gamsarwa na jinkirin, ya kuma nuna cewa afil ɗin nasa yana da abin dubawa. A shari'ar zaɓe babu wannan rangwamen.

Kada kuma a ɗauka afil sabuwar shari'a ce. Mutane sukan zo mini da sunayen shaidu uku da ba a kira ba, suna cewa a sama za su fasa ƙwai. Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda reshenta na Kaduna yana cikin na farko da aka buɗe lokacin da aka kafa ta a 1976, alƙalai aƙalla uku ne suke zama, kuma kundin abin da ya gudana a ƙasa suke karantawa tare da rubutattun hujjojin lauyoyi. Ba su ga fuskar shaida ba, ba su ji rawar muryarsa ba, don haka ba sa saurin ture ra'ayin alƙalin da ya gan shi. Sabuwar shaida sai in ba yadda za a yi a same ta tun farko. Harhaɗa kundin nan ma aiki ne: magatakarda yana da kwana 60, in ya gaza nauyin ya dawo kan mai afil cikin kwana 30, sannan lauyansa yana da kwana 45 ya rubuta hujjarsa. Kowane mataki da kuɗinsa. Wanda kuma yake ƙorafi a kan tsawon ɗaurin da aka yi masa, ya sani kotun tana da ikon ragewa, tana da ikon ƙarawa.

Masu shari'a a kotunan Musulunci su kula da ƙofar da za su shiga. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. A shari'ar Magaji da Matari a 2000, Kotun Ƙoli ta ce rikicin mallakar fili da bai shafi waɗannan ba ba hurumin wannan kotu ba ne, ko da duka ɓangarorin Musulmi ne. An yi mutanen da suka ci nasara a can, shekaru suka wuce, sannan aka rushe komai don tun farko kotun ba ta da hurumi. Masu cewa ɗaukaka ƙara daga kotun Shari'a bijire wa hukuncin Allah ne kuwa, su tuna wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa. Hukuncin jefewa da aka yanke wa Amina Lawal a jihar Katsina, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ce da kanta ta soke shi a 2003.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya tana da ofis a Kaduna. Ya je da kwafin hukunci tun a makon farko.

Shi Baba afil ɗinsa yana nan da rai, tunda an shigar da shi cikin wata uku. Abin da aka riga aka zartar ba a dakatar da shi, don haka roƙon da muke shiryawa yanzu shi ne kotu ta hana a sayar da gidan ko a taɓa gininsa har a gama. Kayansa suna gidan surukinsa a Rigasa. Jiya ya tambaye ni ko zai koma ɗakinsa kafin azumi, na ce masa, "Baba, ko kundin ba a gama haɗawa ba tukuna."