Teleferik na wurin shaƙatawar Disney: me ake gani daga sama, kuma igiyar abin yarda ce?

Masu kallon bidiyo a waya sun sha cin karo da su: akwatuna masu launi-launi rataye a igiya, suna shawagi bisa tafki da rufin otal-otal, mutane zaune ciki suna ɗaukar hoto. Teleferik ke nan da ake kira Skyliner, na wurin shaƙatawar Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka. In zancensa ya taso a fada nan Damagaram, kafin shayi na biyu ya nuna an rabu gida biyu: masu cewa in sun samu dama sai sun hau, da masu cewa ko da kuɗi aka haɗa su ba za su damƙa ransu ga igiya ba. Ga tambayoyin da suka fi fitowa.

Wai abin wasa ne ko abin hawa?

Abin hawa ne. An buɗe shi ran 29 ga Satumba 2019, kuma kamfanin Doppelmayr na ƙasar Ostiriya ya gina shi. Aikinsa kwasar baƙi daga otal huɗu, wato Caribbean Beach, Riviera, Pop Century da Art of Animation, zuwa filayen wasa biyu, Epcot da Hollywood Studios. Akwatunan sun kai kimanin 300, kowanne na ɗaukar mutum har 10, suna gudun wajen kilomita 18 a awa. Ba a biyan kuɗin hawa.

Ta yaya akwati ke riƙe da igiya har ba ya zamewa?

Nan ne hankalin mutane ya fi tashi, don haka bari in tsaya a kai. Igiyar ta ƙarfe ce, wayoyi masu yawa aka tufke wuri guda, aka haɗa bakinta ta zama zobe. Tana zagaya manyan ƙafafu biyu, ɗaya a kowane ƙarshen layi, kamar yadda igiyar guga ke bin kura a bakin rijiya, sai dai ita ba ta tsayawa. A tsakani ginshiƙan ƙarfe ke tallabe da ita.

A saman kowane akwati akwai wani mariƙi mai baki biyu da ke cije igiyar. Sifirin mai ƙarfi ke danne bakin nan, ba wutar lantarki ba. Ma'ana, zamansa na asali a rufe yake, buɗe shi ne ke buƙatar ƙarfi. Sai akwati ya shiga tasha wani ƙarfe ke danna hannun mariƙin ya saki igiya, ƙananan tayoyi su karɓe shi su rage masa gudu har ya koma tafiyar ƙafa, mutane su sauka wasu su shiga. Wajen fita tayoyin su ƙara masa gudu ya yi daidai da na igiya, bakin ya sake cije ta. A irin wannan teleferik akwai na'urar da ke auna cizon kafin akwati ya bar tasha. In bai kai ba, layin gaba ɗaya ke tsayawa. Duk wanda ya gane wannan, rabin tsoronsa ya tafi.

To me ake gani da har ake ta yabo?

Tsayin ba wani mai yawa ba ne, inda ya fi nisa da ƙasa wajen mita 18 ne. Ana ratsa tafkin da ke tsakanin Pop Century da Art of Animation, ana hango rufin gine-ginen Caribbean Beach, kuma in an kusa Epcot sai ƙaramar hasumiyar da aka kwaikwayo ta Faris ta bayyana. Amma kada bidiyo ya ruɗe ka, ɗan'uwa: wani sashen hanyar bisa tituna ne da filin ajiye motoci da bayan gine-gine inda ma'aikata ke hidimarsu. Wasu akwatunan kuma an lulluɓe gilashinsu da zane-zanen yara, wanda ke dusashe kallo daga ciki. Mai son ya ga waje tas ya nemi akwati marar zane.

An taɓa samun matsala da shi?

An samu, kuma tun bai cika mako guda da buɗewa ba. Daren 5 ga Oktoba 2019 wani akwati ya maƙale a tashar Riviera, na bayansa suka zo suka cunkushe a kansa, layin ya tsaya. Mutane suka yi ta reto a sama kimanin awa 3, har sai da ƴan kashe gobara suka sauko da wasu. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji mummunan rauni. An rufe shi, aka sake buɗewa ran 14 ga watan.

A ganina wannan dare ya nuna inda ainihin damuwar take. Igiya ba ta tsinke ba, akwati bai faɗo ba. Abin da ya wahalar da mutane shi ne zama cikin rufaffen akwati ba su san yaushe za su sauka ba, ga yara, ga tsofaffi, ga mai jin fitsari.

Da gaske ne babu na'urar sanyaya iska a ciki?

Da gaske ne, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Akwai tagogin shigar iska, gilashin kuma an yi masa abin da ke mayar da hasken rana. Muddin akwati na tafiya, iska na kaɗawa, ba laifi. Da ya tsaya sai iskar ta ragu. Sa'ar da aka yi, tsayawar 2019 da dare ta faru. Mu da muka san watan Afrilu da Mayu a Zinder, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mun san yadda cikin mota ke komawa in an rufe ta minti goma a rana: sitiyari ba ya taɓuwa, kujera na ƙona cinya. Zafin Fulorida bai kai namu a ma'auni ba, amma nasu mai gumi ne, zufa ba ta bushewa a jiki.

Akwai ɗan tanadi. Ƙarƙashin benci ana ajiye jakar gaggawa mai ruwan sha da ɗan abin haske da ledar biyan buƙata, akwai kuma abin magana da ma'aikata. Duk da haka, wanda ke tare da jariri ko mai ciwon zuciya ya riƙe gorar ruwansa, kuma in da hali ya guji tsakar rana.

In wuta ta ɗauke fa? In hadari ya taso?

Teleferik na zamani na da injin taimako, galibi mai shan gas, wanda ke jan igiya a hankali har kowa ya iso tasha. Akwai kuma na'urorin auna iska bisa ginshiƙai. Fulorida na cikin wuraren da tsawa ta fi yawa a Amurka, shi ya sa da an ga alamar walƙiya kusa ake sauke mutane a rufe layin, a koma motocin bas.

Amma mun ji labarin inda mutane suka mutu.

Gaskiya ne, kuma bai dace a ɓoye ba. Ran 23 ga Mayu 2021, a dutsen Mottarone na arewacin Italiya, igiyar da ke jan wani teleferik ta tsinke dab da tashar sama. Akwatin ya koma da baya a guje ya faɗi, mutum 14 suka rasu, yaro ɗaya ya tsira. Wannan irin teleferik ɗin daban ne da na Disney: yana da igiyar ja, da wata igiyar da akwati ke bi, da birkin gaggawa da ke damƙe ta biyun in ta farko ta tsinke. Bincike ya gano an sa wani ƙarfe an hana birkin nan kamawa, saboda yana ta tsayar da aiki. Wato abin da aka yi don irin wannan rana yana nan, hannun mutum ya kashe shi. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, don ba ƙaddarar inji ba ce, ganganci ne.

A Antaliya ta Turkiyya ma, cikin Afrilu 2024, wani akwati ya daki ginshiƙi, mutum ɗaya ya rasu, wasu 174 suka maƙale a sama, aka kusa kwana da yini ana ceto su da jirage masu saukar ungulu. Idan aka duba miliyoyin da ke hawa kowace shekara, irin wannan ba ya yawan faruwa. Birnin Lafaz na Bolibiya tun 2014 da teleferik jama'a ke zuwa aiki da kasuwa. Tambayar da ta kamata mai hawa ya yi ita ce wa ke duba igiya da birki, kuma yana da ikon ya ce yau ba za a yi aiki ba ko da za a yi asarar kuɗi.

Tsoho ko mai keken guragu zai iya shiga?

Zai iya. A yawancin tashoshin Skyliner akwai gefe inda ake fitar da akwati daga layi ya tsaya cik, a shiga a natse.

Akwai irinsa kusa da mu? Zai yiwu a Damagaram?

Alhazan da suka kai ziyara Ɗa'ifa sun san na dutsen Al-Hada. Aljeriya na da su a biranen Aljiyas da Kusantina, a Najeriya kuma an gina ɗaya a tsaunin Obudu na jihar Kuros Riba a 2005. Duk waɗannan wurare ne masu tsauni ko kwazazzabo, inda igiya ke gajarta hanyar da mota ke shan wuya. Zinder ba haka take ba. Hango duwatsun Birni da fadar Sarkin Damagaram daga sama zai yi kyau, ba musu, amma kabu-kabu na kai mutum daga Zango zuwa Birni ba tare da wata wahala ba. Ga ƙurar hunturu da ke shiga cikin kowane ƙarfe mai juyawa, ga guguwar da ke gabatar ruwan damina, ga ɗaukewar wuta. Ranar da wani ya zo da wannan shawara, zan fara da tambayarsa ko ƴan kashe gobaranmu na da tsanin da zai kai mita 18, da kuma minti nawa za su yi kafin su sauko da mutum goma daga akwati ɗaya da azahar ɗin watan Mayu.