Suturar mai hawa keken lantarki

Suturar mai hawa keken lantarki ita ce tufafi da sauran kayan kare jiki da mutum ke sawa idan zai tafi wurin aiki, makaranta ko kasuwa a kan keke mai batir, wanda jama'a suka fi kira keke mai caji. A garuruwa irin su Katsina da Daura maganar ta ƙara samun muhimmanci bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da tsadar mai ta sa wasu ma'aikata da ɗalibai suka koma neman abin hawan da ba ya shan fetur.

Abin da ya bambanta wannan mahayi da sauran shi ne matsayinsa tsakanin mai keken feda da mai babur. Mai keken feda yana motsa jiki sosai, don haka jikinsa ne ke ɗumama shi, damuwarsa kuwa gumi ce. Mai keken lantarki inji ne ke ɗauke masa yawancin wahalar, amma gudunsa ya fi yawa: a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da taimakon injin a kilomita 25 cikin awa ɗaya, a Amurka kuma akwai nau'o'in da ke kaiwa kusan kilomita 32 da kuma 45. Jikin da ba ya aiki sosai alhali iska na dukansa da ƙarfi yana saurin yin sanyi, shi ya sa shirin mahayin ya fi kusa da na ɗan acaba fiye da na ɗan tseren keke.

Lokacin hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, kuma a wannan lokaci ne zaɓen sutura ya fi wuya, domin yini guda kan haɗa yanayi biyu. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, da azahar kuma ya kusanci 30. Malamin da ya baro Ƙofar Ƙaura da ƙarfe bakwai na safe a watan Janairu zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, a kan hanyar Dutsin-Ma, zai ji sanyi na ratsa kaftaninsa ta wuya da bakin hannu, yatsunsa kuma su sandare a kan birki. Idan ya jibga jaket mai kauri guda ɗaya don maganin wannan, da ƙarfe biyu na rana ita ce za ta zame masa kaya.

Saboda haka an fi son tufafi marasa kauri hawa-hawa, waɗanda za a iya rage su ɗaya bayan ɗaya: singileti ko riga mai dogon hannu a jikin fata, suwaita a kan kaftani, sannan jaket mara nauyi mai zif wadda iska ba ta ratsa ta. Ta wajen ita ce mafi muhimmanci, domin suwaitar saƙa, komai kaurinta, iskar tafiya tana bi ta ramukanta. Ana samun irin waɗannan kaya da sauƙi a wurin 'yan gwanjo. Gaɓoɓin da suka fi shan wuya su ne yatsu, kunnuwa da wuya, don haka safar hannu da ɗan ƙyallen naɗa wuya sun fi ƙarin riga amfani. Ƙura kuwa tana buƙatar takunkumi da tabarau mai farin gilashi, wanda ba ya rage gani cikin hazo, tare da shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da bayan hannu kafin fita.

Bazara da damina

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Katsina. Shawarar da ta yaɗu daga ƙasashen sanyi cewa mai keke ya guji auduga ba ta dace da wannan lokaci ba, domin a busasshen zafi yadin auduga mai haske, sakakke, mai dogon hannu, yana tare rana kuma yana barin gumi ya bushe a hankali ya sanyaya fata. Shadda mai sitaci da yadin roba ne ke riƙe zafi.

Damina, wadda ke kankama a watan Yuni ta kai ƙarfinta a Agusta, ita ce ke juya wannan hukunci. Auduga idan ta jiƙe tana daɗewa ba ta bushe ba, kuma jiƙaƙƙiyar riga a kan keke mai gudu tana jawo sanyi ko da garin ba sanyi. Hadari yakan haɗo daga gabas, iska mai ƙura ta riga ruwan isowa, sau da yawa da la'asar, daidai lokacin tashi daga aiki. Rigar ruwa mai wando, wadda ake naɗewa a bar ta cikin jaka duk tsawon damina, ta fi mai faɗin nan da ake zurawa ta ka, domin ita wannan iska na cika ta tana rinjayar mahayi gefe. Aibin rigar leda shi ne ba ta fitar da gumi, sai mutum ya isa a jiƙe ta ciki, don haka wanda tafiyarsa ke da nisa gara ya ajiye riga ta canji a wurin aiki.

Tufafin gida da haɗarin taya

Wani babban haɗari a wannan yanki ba daga yanayi yake zuwa ba, daga yalwar tufafin ne. Babbar riga, jallabiya, zane, abaya, dogon hijabi da jelar rawani duk suna iya shiga wayoyin tayar baya ko sarƙa, kuma da yake inji ne ke juya tayar, ba ta tsayawa nan take. Mayafin da taya ta kama yana iya fizgo mai shi ta wuya. Masu hawa sukan naɗe hannuwan babbar riga a kafaɗa, su tattaro gindinta su zauna a kai, ko da yake abin da ya fi shi ne a ninke ta a jaka a sa ta bayan an sauka. Mata sukan sa wando a ƙarƙashin abaya, su tattare hijabi ta gaba su danne shi da jaket ko da igiyar jakar goyo. Ƙafar wando ta ɓangaren sarƙa ana cusa ta cikin safa ko a ɗaure ta da roba.

Kai da ƙafa

Hular kwano ba ta zama daidai a kan hular zanna ko kuɓe, kuma wadda ba ta zauna ba, ko ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, takan fice kafin kai ya taɓa ƙasa. Abin da ke shiga ƙarƙashinta shi ne hular sanyi mara kauri ko ɗankwali da aka ɗaura a kwance. Silifa takan zame daga kan feda idan an yi ruwa, kuma tana barin yatsu a fili. Sau-ciki mai tafin roba ya fi dacewa, musamman da yake ana cire shi cikin sauƙi wajen alwala da shiga masallaci, abin da takalmi mai igiya ke wahalarwa sau da dama a yini.

Keken lantarki ba shi da ƙara, direbobi da masu tafiya a ƙasa ba sa jin zuwansa, hazon hunturu da duhun hadari kuma suna rage nisan gani. Wannan ne ya sa ake son rigar waje ta kasance mai launi mai haske, ko a ɗora mata falmaran mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, musamman ga wanda zai bi titin Katsina zuwa Daura bayan magariba.