Me Ake Nufi da "Kalca" a Asibiti?

Wanda ya taɓa zaman jinya a ƙofar sashen kulawa ta musamman a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, da wuya bai ji likita na cewa, "Baba, mun kai jininsa kalca, sai sakamako ya fito" ba. Nan hankalin mai jinya kan tashi. Ɗansa na kan na'urar numfashi, a ce kuma a jira kwana uku?

Kalca shuka ce, wato renon ƙwayoyin cuta don a gane su. Ana ɗibar jini kamar mililita 10 a zuba a kwalba mai ruwan da ƙwayoyin cuta ke ci, a sa a na'ura mai ɗumin jikin mutum, wajen digiri 37. In akwai bakteriya, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu sun hayayyafa. In shiru, akan jira kwana 5 kafin a ce babu. Fitsari, majina da ruwan gyambo ma ana shuka su.

Da ƙwayar ta tsiro, sai a rina ta da rinin da Hans Christian Gram ya samar a 1884, a duba launinta a madubin likita don a san rukuninta. Daga nan sai matakin da ya fi burge ni: a shafe faranti da ita, a ɗora 'yan takardu zagayayyu, kowace ɗauke da magani daban. Washegari za a ga fili fes kewaye da wasu, wasu kuwa ƙwayar ta mamaye su har baki. Faɗin filin nan ake aunawa a san maganin da ke cin ta.

A sashen kulawa ta musamman abin ya fi tsanani, don robar fitsari, bututun numfashi da allurar jijiya duk ƙofofi ne ga ƙwayoyin cuta irin su Klebsiella, Pseudomonas da Acinetobacter. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'o'insu masu bijire wa magani a sahun gaba na haɗari.

Likita fa ba naɗe hannu yake yi ba. Yana ɗibar jinin, ya fara magani mai kashe ƙwayoyi iri-iri nan take, sakamako na zuwa ya koma kan wanda ya dace. Abin da ke damuna shi ne kafson da aka sha daga kemis kafin a zo, domin yakan hana ƙwayar tsirowa alhali tana jiki. Shi ya sa likita ke tambayar abin da aka sha a gida, har ya nemi ganin kwalin.