Iya iyo ba ya hana sa rigar ceto a kogin ƙanƙara

Matasanmu na Jos da ke fita waje yawon buɗe ido sukan ce wa jagoran kwalekwalen roba, "Malam, a kududdufin kuza na koyi iyo, ba sai na sa rigar ceto ba." Tunanin ya daɗe, kuma yana iya cin rai.

Kogi irin Kicking Horse na Kanada daga narkakkiyar ƙanƙarar saman duwatsu yake samun ruwa, ko a tsakiyar lokacin zafi ɗumin ruwansa bai kai digiri 10 na ma'aunin Celsius ba. Da mutum ya faɗa ciki, jiki kan ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba. In kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Haki yakan ɗauki minti 1 zuwa 3 kafin ya lafa, bayan kamar minti 10 kuma yatsu su sandare har riƙe igiya ya gagara. Gwanin iyo ma bai tsira daga wannan ba. Rigar ce ke tallafe kai sama har numfashi ya daidaita, shi ya sa jagora ke ɗaure ta tamau, ya ja ta daga kafaɗa ya ga ko za ta zame.

In ka faɗa, kwanta rigingine, ƙafafu gaba suna bin ruwa, yatsun ƙafa a sama. Don Allah kada ka miƙe tsaye. Garin dutse da ƙanƙara ta niƙa ya sa ruwan ya yi fari kamar koko, ba ka ganin ƙasa. Ƙafa na maƙalewa tsakanin duwatsu, ƙarfin ruwa ya danne ka ta fuska. In an jefo igiya, kama ta a ƙirji, kada ka naɗa ta a hannu.