Yadda Dokar Amurka Ta Ba Ka Ikon Hana Kamfanin Rance Na Intanet Cire Kuɗi Daga Asusunka

Duk wanda ya karɓi rance ta intanet a Amurka, da wuya ya tsallake wani shafi da ke neman lambar asusunsa da ta bankinsa, sai ɗan akwatin da zai latsa ya ce ya amince. Wannan latsawar ita ce izinin da kamfanin ke riƙewa yana shiga asusu yana ɗibar kuɗi duk ranar biya, galibi ta hanyar ACH, tsarin da bankunan ƙasar ke tura kuɗi a tsakaninsu. Mutane da dama sun ɗauka tunda sun amince, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Ba haka doka ta ce ba. Izinin cire kuɗi daban, bashin kansa daban. Na farkon kana da ikon janye shi, ko da kuwa takardar yarjejeniyar ba ta faɗi yadda za a yi ba. Na biyun yana nan a wuyanka har sai ka biya.

Dokar da ta tsaya maka ita ce ta tura kuɗi ta na'ura da majalisar Amurka ta zartar a 1978, wadda ake taƙaita sunanta da EFTA, tare da ƙa'idojin aiwatar da ita, Regulation E, waɗanda yanzu ke hannun hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta CFPB. Ta shafi asusun mutum na kansa, a banki ko a ƙungiyar adashi da lamuni. Asusun kasuwanci ba ya ciki.

Tun daga farko ma, dokar ta haramta wa mai ba da rance ya ce ba zai ba ka ba sai ka yarda a riƙa cire biya daga asusunka lokaci-lokaci. Yana iya kwaɗaita maka da rangwamen kuɗin ruwa idan ka zaɓi hakan, amma tilastawa babu. Sai dai akwai wani lungu: haramcin ya tsaya ne a kan biyan da ake maimaitawa. Rancen da aka tsara za a biya shi gaba ɗaya ranar albashi bai shiga ƙarƙashinsa ba, kuma nan ne kamfanoni da yawa ke fakewa. Sai a rubuta rancen biya ɗaya ne, a ƙasa kuma a saka sharaɗin cewa zai riƙa sabunta kansa. A ce ka ranci dala 300 a kan dala 15 kowace ɗari, wanda shi ne farashin da aka saba gani a irin wannan rance. Duk mako biyu a cire dala 45. Bayan cira biyar ka biya dala 225, amma dala 300 ɗin na nan ko sisi bai ragu ba, domin kuɗin sabuntawa kaɗai ake ta ɗiba. Wanda ya ga haka a takardar asusunsa, shi ya fi kowa buƙatar rufe ƙofar.

Aikin ƙofa biyu gare shi, kuma wanda ya rufe ɗaya ya bar ɗaya bai gama aikin ba.

Ta farko ita ce kamfanin. Ka kira su, sannan ka rubuta musu wasiƙa. A ciki ka sa sunanka, lambar rancen, lambobi huɗu na ƙarshen asusunka da kwanan wata, ka faɗa ƙarara cewa ka janye duk wani izini na cire kuɗi daga asusunka daga wannan rana, ta ACH ne, ta katin banki ne, ko ta caki da za su ƙirƙira da sunanka. Lissafa hanyoyin ɗaya bayan ɗaya yana da dalili, za mu zo kansa. Idan yarjejeniyar ta ambaci adireshi ko hanyar da ake bi wajen janyewa, ka bi ta, don kada gobe su ce saƙon bai iso inda ya kamata ba. Ka aika ta gidan waya da rajista mai shaidar karɓa, ka tura kwafi ta imel, ka ajiye naka. CFPB ta wallafa samfurin irin wannan wasiƙa a shafinta, kyauta.

Ƙofa ta biyu ita ce bankinka, kuma a nan ne doka ta fi yin bayani dalla-dalla. Kana da ikon ba banki umarnin dakatar da biya, abin da ma'aikatansu suka sani da stop payment order, da baki ko a rubuce, muddin ya isa gare su aƙalla ranakun aiki uku kafin ranar da za a cire kuɗin. Ranakun aiki aka ce. Idan ranar Juma'a za a cira, Talata ce iyakarka. Idan Litinin ce, to Larabar makon da ya gabace ta. In hutun gwamnati ya faɗo a tsakani, ka ƙara kwana ɗaya baya. Wanda ya makara yana iya roƙo, banki kuma yana iya taimakawa, amma doka ba ta tilasta masa ba.

Umarnin baki na da wa'adi. Banki na iya neman ka tabbatar da shi a rubuce cikin kwana 14, kuma idan zai nemi hakan wajibi ne ya gaya maka a lokacin kiran, ya ba ka adireshin da za ka aika. Ka bari kwanakin suka wuce ba takarda, umarnin ya faɗi, banki zai iya biyan cirar gaba ba tare da ya yi laifi ba. Wasu daga cikin masu kukan “na hana amma an cire” a nan suka zame. Shawararmu ita ce kada ma a jira a tambaya: a kira yau, takarda ta bi baya gobe, haɗe da kwafin wasiƙar da aka aika wa kamfani.

Akwai kuma bambanci tsakanin tsayar da biya guda da sanar da banki cewa izinin gaba ɗaya ya mutu. Idan ka ce a tsayar da dala 45 ta ranar Juma'a kawai, wasu bankunan ita kaɗai za su tare. Idan kuwa ka sanar cewa ka janye izinin, fassarar hukuma ta ƙa'idar ta ce dole banki ya toshe duk cirar da za ta biyo baya daga wannan kamfani, ba zai tsaya jiran kamfanin ya daina da kansa ba. Saboda haka ma'aikacin da ya ce maka “wannan tsakaninka da su ne, je ka ku sasanta” ya yi kuskure. Ka nemi manaja, ka ambaci sashe na 1005.10(c) na Regulation E. Dokar ta ɗora wa banki alhakin asarar da ta biyo bayan ƙin tsayar da biyan da aka umarce shi a kan lokaci. Bankuna da yawa suna cajin kuɗi a kan wannan umarni, sau da yawa wajen dala 30, don haka ka tambaya tun kafin ka bayar.

To, me ya sa wani lokaci kuɗin ke fita duk da an yi komai daidai? Na'urar banki ba ta san kamfani da fuska ba. Da suna, da lambar shaidar mai cira, da adadin kuɗi take ganewa. Kamfanin da ya so zillewa sai ya sauya adadin da 'yan santi, ko ya raba biyan gida biyu ko uku, ko ya turo ta hannun wani kamfanin karɓar kuɗi mai suna daban. Wani kuma ya bar ACH ya koma kan lambar katinka idan ka taɓa ba shi, ko ya buga caki mai ɗauke da lambar asusunka ba tare da sa hannunka ba. Shi ya sa za ka kai wa banki sunan daidai yadda yake fitowa a takardar asusunka, wanda sau da yawa ba shi ne sunan da ke shafin intanet ba, ka kuma ce a toshe kowane adadi. Idan sun san lambar katinka, ka sa a soke shi a ba ka sabo, ka tambaya ko banki na miƙa wa 'yan kasuwa sabuwar lamba kai tsaye, domin akwai irin wannan tsari. Shi kuwa caki dokar jihohi ce ke kansa: a mafi yawansu umarnin tsayar da shi a rubuce wata shida yake yi, sai an sabunta.

In an cire bayan ka janye izini, cirar ba ta halatta ba, kuma kana da kwana 60 daga ranar da banki ya aiko takardar asusun da ta nuna ta don ka kai ƙorafi. Banki na da ranakun aiki 10 ya bincika. Yana iya ɗaukar har kwana 45, amma da sharaɗin ya mayar maka da kuɗin na wucin gadi cikin ranakun 10 ɗin. Za su ba ka takardar shaida ka sa hannu cewa ba da izininka aka cira ba. Da ita suke mayar wa bankin kamfanin cirar a ƙarƙashin ƙa'idojin Nacha, ƙungiyar da ke tafiyar da ACH. Ka nemi a dawo har da tarar da aka ci ka idan cirar ta jefa asusun cikin giɓi. Haka nan idan adadin zai bambanta da wanda aka saba, haƙƙinka ne a sanar da kai kwana 10 kafin ranar, sai fa in ka amince tun farko da a cira tsakanin kaza da kaza.

Wata ƙa'idar ta CFPB ta 2017, wadda wa'adin fara bin ta ya cika ranar 30 ga Maris 2025, ta hana masu rancen ranar albashi da masu ruwan da ya haura kashi 36 cikin ɗari a shekara sake gwada cira bayan ta faɗi sau biyu a jere don rashin kuɗi, sai da sabon izini. Hukumar ta sanar a wannan watan na Maris cewa ba za ta ba aiwatar da ita fifiko ba, don haka ba abin jingina ba ce sosai.

Rufe asusun gaba ɗaya shi ne matakin ƙarshe, kuma yana da nasa tarkon. Cirar da ke kan hanya na iya sa wasu bankunan su sake buɗe shi da giɓi da tara. Ka fara karkatar da albashi zuwa sabon asusu, ka tabbatar ba wani biya da ya rage, ka karɓi shaidar rufewa a rubuce.

Shi bashin, kamar yadda muka faɗa, bai tafi ko'ina ba. A wasiƙar janye izinin ka tambayi wata hanyar biya da ainihin abin da ya rage. Rashin biya na iya jawo tarar jinkiri, masu karɓar bashi, ɓacin suna a rajistar lamuni, har da ƙara a kotu. Ba a kama mutum don ya kasa biyan irin wannan rance, kuma a ƙa'ida ba a taɓa albashinsa sai da hukuncin kotu, amma sammaci in ya zo a amsa shi. Ka kuma duba wurin hukumar kula da harkokin kuɗi ta jiharka ko kamfanin na da lasisi, domin a wasu jihohin rancen da marar lasisi ya bayar ba shi da ƙarfin doka, wasu kuma sun wajabta a ba ka tsarin biya kaɗan-kaɗan ba ƙarin caji. Ƙorafi a kan banki ko kamfani ana kai shi ga CFPB ko ofishin babban lauyan jiha, haɗe da kwafin wasiƙun biyu da takardar asusun da ke nuna cirar.