Tiyatar ƙwaƙwalwa ga mai farfaɗiya: tambayoyin da iyaye ke yi a Kumasi

Kowane mai farfaɗiya ne ake yi wa tiyata?

A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu wannan lalura za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace, irin su carbamazepine ko phenobarbital. Ba a kawo maganar tiyata sai an gwada magunguna biyu da suka dace, an sha su yadda likita ya tsara, amma ciwon bai daina tashi ba. Yaron da aka daina ba shi magani saboda kuɗi ya ƙare, ko aka ajiye ƙwayoyin aka koma hayaƙi, kamar yadda ake gani a wasu gidajenmu na Aboabo da Asawase, ba za a ce magani ya gaza a kansa ba.

Ta yaya ake gane wanda aikin zai amfana?

Likitoci suna neman wurin da ciwon ke tasowa. Ana manna wa mara lafiya ƙananan wayoyi a fatar kai a yi gwajin EEG, wato auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, a kuma ɗauki hoton cikin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI. Idan aka tarar wuri ɗaya ne, musamman sashen ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne, kuma cire shi ba zai taɓa magana ko motsin jiki ba, to akwai kyakkyawan zato. A wani bincike da aka wallafa daga Kanada a 2001, kashi 58 na waɗanda aka yi wa aikin sun shekara ba tare da farfaɗiyar da ke gusar da hankali ba, alhali kashi 8 ne kacal a cikin waɗanda suka tsaya ga magani.

Babu haɗari?

Akwai. Ana iya samun raunin tunawa, ko raguwar gani ta gefe ɗaya, ko zubar jini, kuma galibi ana ci gaba da shan magani bayan aikin. Sai dai a ganina iyalai sukan manta da haɗarin barin ciwon haka: faɗawa wutar murhu, nutsewa a ruwa, barin makaranta, har da mutuwar farat ɗaya cikin barci.

Daga ina za a fara?

A nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ko Korle Bu a Accra. A tafi da kwalayen duk magungunan da aka sha, da bidiyon da aka ɗauka a waya lokacin da ciwon ya tashi, domin likita ba kasafai yake ganin faɗuwar da idonsa ba.